Mutumin da Ya Ajiye Aiki Sau Biyu

A kamfanin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-Damuwa ake ce masa, tun daga mai gadi har babban manaja, don kalmar ba ta rabuwa da bakinsa. Direba ya bugo waya ya ce taya ta fashe masa a tsakiyar hanya da kaya maƙil a mota, sai ya ce, "Ba damuwa." A soke masa hutun da ya daɗe yana jira, ya ce, "Ba damuwa." Sunan ya bi shi har gida, har 'ya'yansa kan tsokane shi da shi in sun ga yana cikin raha.

Dogon mutum ne mai sanƙo, yana tafiya a ɗan sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Shi ne shugaban sashen sufuri na kamfanin, wanda ke rarraba sabulu da man girki da madarar gwangwani zuwa shaguna. Tagar ofishinsa tana kallon filin da manyan motoci ke kwana. Albashi mai kauri, motar ofis, katin asibiti na iyali, duk yana da su. Lokacin kansa ne kawai ba shi da shi. Wayarsa ba ta san ranar hutu ba. Ranar da babbar 'yarsa ta karɓi kyauta a makaranta, yana bakin wani rami yana kallon yadda ake ciro mota da ƙugiya. Da likita ya auna jininsa, sai ya cire tabarau ya dube shi ya ce, "Malam, da ƙafarka ka zo nan?"

Abin da yake so a aikin duka shi ne ranar gwada sababbin direbobi. Ya zauna a gefen mutum, ya ga yadda yake riƙe sitiyari, ya gyara masa a hankali ba tsawa ba hantara. Daga nan tunanin ya tsiro masa: me zai hana ya buɗe makarantar koyon tuƙi, ya zama shi ke da kansa?

Matarsa malamar firamare ce, kuma ba ta hana shi ba. Ta ce, "Gara mu ci kaɗan kana raye." Yayansa kuwa, wanda ke aiki a banki, da ya ji labari sai da ya miƙe tsaye.

"Mutane na neman shiga ta taga, kai kana fita ta ƙofa? Wa ya yi maka wannan huɗubar?"

"Yaya, na gaji ne."

"Mu da ka gani ba mu gaji ba? Gajiya ai da ita ake cin abinci."

Wadda ta fi ba shi wahala ita ce mahaifiyarsu. Tun rasuwar mahaifinsu Inna take zaune ita kaɗai a tsohon gidansu, a can wata unguwa, ta ƙi komawa wurin kowa. Ya durƙusa a gabanta ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Laifin me ka yi musu?"

"Ba laifin komai, Inna. Ni ne na ajiye da kaina."

Ta jinjina kai, ta dafa kafaɗarsa. "To, Allah ya sa su huce."

Ya kama ɗan shago a tsakanin wani tela da mai gyaran waya. Ya sa tebur, da kujerun roba, ya liƙa hoton alamomin hanya a bango. Ya sayi ƙaramar mota fara ta hannu, bakanike ya dasa mata birki na biyu a gefen fasinja, aka manna mata jan harafin 'yan koyo gaba da baya. Ranar da aka ɗaga allon makarantar, ya tsaya a tsallaken titi ya daɗe yana kallonsa, har wani mai babur ya yi masa hon.

A makonnin farko ya gano abubuwan da kamfani ke yi masa bai sani ba. A can, in ƙwan fitila ya mutu, kafin ya dawo daga taro an canza. A nan shi ne manaja, shi ne masinja, shi ne mai shara, shi ne mai wankin mota. Da ya je neman izinin buɗe makarantar, ya zauna a benci tun safe har ƙafarsa ta yi tsami, a ofishin da a da sunan kamfani kawai yake ambata a ja masa kujera. Abokan aikin da suka rantse a wajen sallamarsa cewa za su turo matansu da 'ya'yansu, har wani yana cewa, "Sai ka gaji da mu," ko ƙeyar ɗaya bai gani ba. Telan nan kan leƙo da tef a wuya ya ce, "Manaja, yau ma taro ake da ƙudaje?"

Duk wannan ya shirya masa. Ya san sabon shago sai da haƙuri, kuma sannu a hankali ɗalibai suka fara zuwa: wani ɗan jami'a, wasu ma'aikatan jinya, wani dattijo da ya yi ritaya. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba, daga gida ya ɓullo.

Ƙanwarsu ce ta fara, autar gidan, wadda ke aiki a wata masana'antar magunguna.

"Yaya, tunda kana gida, don Allah ka ɗauko min yara daga makaranta."

"Ba a gida nake ba, ina shago."

"Eh, shi nake nufi."

Ya je. Kwana kaɗan yayansa ya bugo: mai gyaran famfo zai zo gidansa, ba kowa, ya je ya tsaya a kansa. Ya je. Aka ce surukin yayan zai sauka a tasha da kaya. Ya je. Inna za ta ga likitan ido, Inna maganinta ya ƙare, tukunyar gas ɗin Inna ta yi shiru, rufin ɗakin Inna yana yoyo. A da ana raba waɗannan tsakanin su uku, kuma in an zo kansa sai a ce, "Ku bar shi, kun san aikinsu." Yanzu ba mai tambayar ko yana da lokaci. Tambayar ita ce ƙarfe nawa zai iso. Ya gudu daga waya ɗaya ta kamfani, ya faɗa hannun wayoyin dangi, su kuma ba su da ranar biyan albashi.

Ya gwada ƙi sau da dama. Wata rana ya ce wa yayansa yana da ɗalibi da safe.

"Ɗalibin ai naka ne, ka ɗaga masa zuwa yamma. Ni in na fita manaja zai tambaye ni. Kai wa zai tambaye ka?"

Gaskiya ne, ba wanda zai tambaye shi. Ɗalibai ba sa faɗa, ba sa ba da takardar gargaɗi. Daina zuwa kawai suke yi. Ɗan jami'ar ya koma wata makaranta. Ma'aikatan jinyar suka ce za su dawo bayan sun samu sarari, ya san ma'anar wannan.

A cikin waɗanda suka rage akwai wata mata mai shagon kemis. Mijinta ya rasu ya bar mata mota a ƙofar gida, ƙura ta rufe ta, tayoyi sun sace. Kullum sai ta wuce motar ta je ta tsaya jiran ta haya da kwalayen magani a hannu. Tsoron tuƙi take yi kamar me. In ta riƙe sitiyari har jijiyoyin hannunta suke fitowa, kuma da ta hango babbar mota sai ta rufe ido.

"Baiwar Allah, buɗe idon. Mai rufe ido ai fasinja ne," ya kan ce mata, yana dafe da nasa birkin.

Da ƙyar ta fara sakin jiki, sai ya shiga ɗaga mata darasi. Yau Inna, gobe Auta. Ran nan ta rufe shagonta ta zo, ta tarar yana kulle nasa, makullin mota a hannu.

"Yau ma?"

"Wallahi uzuri ne ya taso, ki yi haƙuri."

"Malam, ni ma shago nake da shi. Duk sa'ar da na rufe na zo nan, masu saye suna wucewa gaba. Ban ce ba ka iya koyarwa ba, ka iya. Amma in ba ka buɗe makarantar nan da gaske ba, ka faɗa min in san inda na nufa."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi shigarsa. Ya tuƙa zuwa gidan yayansa, inda aka ce ya je ya karɓi sabon firji, ya zauna a kan dakali yana jiran masu kawowa har rana ta karkata.

Da ya ga ɗalibai ɗai-ɗai ba za su riƙe shago ba, sai ya yi tunanin komawa tsohon kamfaninsa, ba neman aiki ba, neman kwangilar horar da direbobinsu. Ya ciro kwat ɗinsa daga leda, ya ɗaura abin wuya, ya goge takalmi. A bakin ƙofa ya tarar da sabon mai gadi, wanda ya tambaye shi wurin wa ya zo, ya rataya masa katin baƙi. Mataimakinsa na da shi ne a kan kujerarsa. Ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo masa ruwa mai sanyi, ya saurare shi yana satar kallon kwamfuta.

"Yallaɓai, ka fi ni sanin yadda gidan nan yake. Sai mai motoci da yawa suke ba irin wannan aiki. Amma ka bar min bayanin, za mu neme ka."

Ba-Damuwa ya yi murmushi. Shi ya koya wa yaron wannan jimla, ya san inda takardar za ta kwana.

A hanyar dawowa ya biya ya kai wa Inna maganinta. Tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake a faranti. Da ta ɗaga kai ta gan shi cikin kwat, sai ta ajiye farantin, ta miƙe da sauri irin wanda ya manta rabon da ya ga ta yi.

"Igiyar wuyan nan! Daga can kake?"

"Daga can nake, Inna."

"Sun huce?"

Ya buɗe baki zai yi bayani. Ya ga idonta ya ciko, ya ga ta kama hannun kwat ɗin, tana shafa shi kamar jariri. Sai ya ji kansa yana cewa, "Ana dai magana."

Kafin ya isa shago Auta ta bugo tana taya shi murna. Da yamma yayansa ya kira. "Yanzu ka yi hankali. Wane matsayi suka ba ka?"

"Ɗan aikin ba da shawara ne, daga safe zuwa la'asar."

"Makarantar fa?"

"Tana nan, sai da yamma."

"Madalla. Ka riƙe shi da kyau, ba kullum ake samun irin wannan ba."

Ya ajiye wayar yana jin ɗacin bakinsa. Ya yi niyyar gyara maganar washegari. Amma washegari wayarsa ta wuni ba ta yi ƙara ba. Jibi ma haka. Yayansa ya samo wanda zai tsaya kan masu gyara. Auta ta shirya da wata maƙwabciyarta kan ɗauko yara. Abubuwan da aka ce ba mai iya yi sai shi, duk sai ga su suna yiwuwa.

Matarsa kaɗai ta sani, kuma ba ta ji daɗi ba. "Baban yara, ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

"Ki bar ni in ɗan tsaya da ƙafata. Da makarantar ta kama, ni da kaina zan faɗa musu."

"Wata da watanni kana faɗin gaskiya ba su ji ba, yanzu ƙyalle ya yi maka magana," ta ce, ta ci gaba da duba littattafan 'yan ajinta.

Duk ranar da zai gaida Inna da safe, sai ya sa kwat ya je. Ta rako shi har bakin ƙofa tana sa masa albarka, tana faɗa wa duk maƙwabcin da ya gifta cewa an mayar da ɗanta. Daga nan ya wuce shago, ya shiga bayan labulen tela ya tuɓe, telan ya rataye masa a cikin kayan mutane.

"Ni dai tunda nake ɗinki ban taɓa ganin mai sa kwat don ya zo ya tuɓe ba," in ji tela. "Ko haya za mu riƙa ba da ita ne, kada ta zauna banza?"

Ya daina bi da ɗalibai ta hanyoyin unguwar Inna, ko ta gaban bankin yayansa. Ban da wannan, waɗancan makonni su ne mafi daɗi da ya gani tun da ya girma. Yana buɗewa a kan lokaci, yana rufewa a kan lokaci. Dattijon mai ritaya ya kawo jikarsa. Mai kemis ta turo wata ƙawarta. Ya fara cin abincin rana a zaune. Har matarsa ta ce fuskarsa ta ciko.

Ranar da abin ya faru, mai kemis ce a sitiyari, kuma ran nan ne ya yanke shawarar fitar da ita babban titi. Ta shiga shataletale a tsakiyar motoci, wata babbar mota ta matso ta da hon, ba ta rufe ido ba. Ta ba da sigina, ta fita ta hannun da ya dace. Da suka tsaya a gefen hanya ta kifa kai a sitiyari tana dariya tana hawaye.

"Malam, ka taka naka birkin?"

"Ƙafata tana nan a ƙasa, duba ki gani."

Ya dawo shago yana jin kamar a ba shi ganga. Ya wanke mota, ya ɗauki ɗalibi na gaba, ya dawo. Rana ta take tsaka sosai lokacin da matarsa ta bugo.

"Kana ina? Ka taho asibiti, Inna ce."

Santsi ne ya kwashe ta a banɗaki tun da hantsi, ƙashin ƙugunta ya karye. Ta kasa tashi, ta kasa jan jiki. Tana kwance a jiƙaƙƙen tayil har sai da wata maƙwabciya ta ji ana ta buga bokiti a bango, ta kira mutane aka ɓalle ƙofa. Wayarta tana rataye a wuyanta, a 'yar jakar da Auta ta saya mata saboda irin wannan rana. Ta kira babban ɗanta, yana cikin taro, wayar tana kashe. Ta kira Auta, su kuma a wurin aikinsu ana kulle wayoyi a akwati kafin a shiga.

Ya same ta a gado, ta ƙanƙance, leɓenta ya bushe, an sa mata ruwa a hannu. Ya durƙusa a gefen gadon.

"Inna, ni fa? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

Ta juyo da kai a hankali. "Da ƙyar fa suka huce. In kira ka ka baro musu aiki, su sake korarka? Na ce gara in jira. Ai ga shi ban mutu ba."

Ya lissafa inda yake a lokacin. Yana gefen titi yana nuna wa wata ƙafarsa, a nisan da bai kai a sha kofin shayi ba. Ya kama ƙarfen gadon ya riƙe.

Likita ya tara su a baranda, shi da yayansa da Auta. Ya ce za a yi mata aiki, bayan nan kuma za ta daɗe a kwance. Tana bukatar mai ƙarfi a kusa da ita, mai ɗaga ta, mai juya ta kada bayanta ya yi gyambo, mai kawo ta gashin ƙashi. Ya faɗi nasa ya wuce, ya bar su tsaye suna kallon ƙasa.

"Ni kun san banki," in ji yayan. "Ko mutuwa aka yi, kwana nawa suke bayarwa?"

Auta tana da tsohon ciki, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Ta share hawaye ta ce, "A ɗauko mai jinya mana."

"Kin san Inna. Baƙo ya taɓa jikinta? Sai dai ta daina cin abinci." Yayan ya juyo ya dubi ƙanensa, ya yi ajiyar zuciya. "Da a ce lokacin da kake zaune ne abin nan ya faru, da an huta. Yanzu kai ma sabon shiga ne, ba za su ba ka hutu ba."

Matarsa tana jingine da bango, ta zuba masa ido. Ya gane abin da idon ke cewa: ga ƙofa ta buɗe, faɗi. Ya tattaro maganar zai faɗa. Sai ya ji yadda za ta fito: cewa tsohuwar nan ta kwanta a ruwa tun hantsi har rana ta take, da waya a wuyanta, saboda aikin da babu shi. Ya san yayansa zai faɗa, Auta za ta faɗa, kafin gobe maganar ta isa kunnen Inna. Bai san wanne zai fi karya ta ba, ƙugun ko wannan.

"Zan ajiye aikin," ya ce.

Auta ta fashe da kuka. Yayansa, wanda bai taɓa rungumarsa ba tun suna yara, ya jawo shi ya rungume, yana bubbuga bayansa. "Ka fi mu. Wallahi ka fi mu duka. Allah ya saka maka." Ba-Damuwa ya tsaya a sandare a ƙirjin yayansa, yana kallon matarsa ta saman kafaɗa. Ta kawar da kai ta shiga ɗakin mara lafiya.

Da aka sallami Inna, ya kwaso 'yan kayansa ya koma ɗakin da ya tashi a ciki yana yaro. Ya koyi yadda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗa da cinya a juya mutum ba tare da an fama masa ciwo ba. Ya koyi canza zanin gado da mutum a kai. Abin da ya shafi wanka da tsarki, matarsa ke zuwa ta yi kafin ta wuce makaranta da bayan ta taso, ba ta taɓa yi masa gori ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Sau ɗaya kawai, suna shanya a igiya, ta ce, "Har yaushe?" Ya ce bai sani ba. Bai tambaye ta wanne take nufi ba, jinyar ko ƙaryar.

Makarantar ta koma ta yamma da gaske, in Auta ta samu zuwa ta karɓe shi. Ranar da ba ta zo ba, shagon ya kwana a kulle. Masu son koyon tuƙi yawancinsu safe suke so, kafin titi ya cika. Jikar dattijon ta daina zuwa, ƙawar mai kemis ma haka. Telan ya nemi ya ba shi rabin shagon ya sa keken ɗinki na biyu, ya ba shi. Yanzu hoton alamomin hanya yana leƙowa ne ta bayan rigunan da aka rataye.

Mai kemis ta jira shi iya jira, daga baya ta ƙarasa a wata makaranta ta karɓi lasisi. Wata rana ta zo duba Inna da ledar magani, ita ta tuƙo kanta a motar mijinta. Ya leƙa ta taga ya ga yadda ta ajiye motar, gindinta ya fito titi, taya ɗaya a kan dakali. Bakinsa ya yi ƙaiƙayi, amma hannunsa yana riƙe da kofin da yake ba Inna ruwa.

Inna tana samun sauƙi a hankali, har ta fara zama a bakin gado. Sai dai ta samu abin da take faɗa wa duk wanda ya shigo duba ta. Ba ta maganar ƙugunta. Cewa take, "Kun ga yaron nan? Ni na raba shi da aikinsa. Sun mayar da shi, ya fara murmurewa, na zo na faɗi." Ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa mai gashin ƙashi, ta faɗa wa mai kawo gas. Baƙi su juyo su dube shi da girmamawa, wasu su ce ina ma nasu 'ya'yan haka suke. Shi kuwa ya ɗauki roba ya fita tsakar gida, ya buɗe famfo da ƙarfi.

Ran nan da hantsi, bayan ya gama juya ta, ya gyara mata matashi, sai ta riƙe masa hannu.

"Zauna, magana zan yi da kai."

Ya zauna a bakin gadon.

"In na tashi, ka kai ni wurin manajan nan naku. Ni zan roƙe shi da bakina. In ya ga tsohuwa da sanda ai zai ji kunya. In ce masa ba halinka ba ne, lalura ce."

"Inna, ki bari ki warke tukuna."

"Ka yi min alkawari."

Ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, fatar ta yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa. A waje wani ɗan koyo yana wucewa da motar wata makaranta, injin yana kuka a giya ɗaya.

"To, Inna," ya ce.

Ta saki hannun, ta lumshe ido, hankalinta ya kwanta. Ya ɗauki tawul ɗin da ya goge mata fuska, ya fita ya matse shi a bakin famfo, ya shanya.